FILIN ƘANNENA: Jingar Malamin Turanci

   Na san mutanenmu na Funtuwa da Bakori da Danja da Kafur da Malumfashi yanzu babu mai zama, masara ta shigo gida, waken suya na jiran bugu, auduga kuma ta fashe fari fat a gona. Allah ya sanya albarka a abin da aka noma, ya ba mu lafiya da zaman lafiyar cin sa, amin.

A cikin wasiƙun da suka iso hannuna a wannan karo akwai guda da na karanta har sau uku, ta wata ƙanwata ce 'yar aji 2 na babbar sakandare, daga wani ƙauye kusa da Malumfashi. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta, to na rufa mata asiri. Kukanta shi ne malaminsu na Turanci ya ɗora musu kaya. Ya ba su sunan wani ƙagaggen labari na Turanci ya ce kowa ta nemo ta karance shi kafin ƙarshen zango, sannan duk ranar Juma'a sai ya ba su jingar insha'i shafi 2, a kawo masa ranar Litinin. Ta ce ita fa littafin Hausa mai na 1 da na 2 da na 3 kwana biyu ya yi mata yawa, amma wannan na Turancin ko shafi ɗaya ba ta kaiwa barci ya sace ta. Ga shi kuma ran nan innarta ta gan ta da shi a ɗaki ta ƙwace, wai littafin soyayya ne aka yi wa dabara aka rubuta da Turanci don kada manya su gane. Wata ƙawarta kuwa ta ba ta shawara ta huta da wahala, ta yi yadda ita take yi, wato ta miƙa wa saurayinta takarda idan ya zo zance, shi ya rubuto mata. Daga ƙarshe sai ta jefo mini tambaya, wai tunda ni da Hausa nake rubuta littattafaina kuma ana saye ana karantawa, me Turanci ya tsinana mini?

Ƙanwata na gode da wannan wasiƙa, don na tabbata ba ke kaɗai ba ce, bakin 'yan mata da yawa kika ara. Don haka yau ban da wani zance sai wannan, ku gyara zama.

ME AKE CI DA SHI?

Bari in fara da abin da babu mai son ji. Duk wadda ta gama sakandare a ƙasar nan tana son wucewa gaba, ko jami'a, ko makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, abin da za a fara dubawa a takardarta shi ne kiredit 5, kuma dole a cikinsu akwai Turanci. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. Idan kika samu D7 ko E8 an ce kin tsallake, amma ƙofar ba za ta buɗe miki ba. Ku duba unguwarku da kyau, 'yan mata nawa kuka sani masu ƙoƙari, sun ci Kimiyya sun ci Lissafi sun ci Hausa da Addini, amma Turanci ya tsare su a gida? Namiji idan ya faɗi yakan samu a sake biya masa, ko ya yi buga-bugarsa a kasuwa ya tara ya biya wa kansa. Ke kuwa kin san yadda abin yake a gidajenmu. An sayar da buhun masara an biya miki sau ɗaya, idan aka ga babu sakamako, magana ta gaba da za ki ji ita ce, to tunda karatun bai yiwu ba ta fito da miji. Aure alheri ne, ni ma shi nake yi wa kowaccenmu fata, amma akwai bambanci tsakanin wadda ta shiga ɗakinta da takardarta a akwati da wadda aka kai don an rasa yadda za a yi da ita.

To wannan jingar da kike gani kamar mugunta, ita ce maganin wancan baƙin cikin. Bari in warware miki yadda jarrabawar take, don na lura da yawa sai sun shiga ɗakin jarrabawa suke ganin kamanninta. Hukumar WAEC, wadda aka kafa tun 1952, a takardarta ta Turanci akwai sashen da za a ba ki tambayoyi 5 ki zaɓi ɗaya ki yi rubutu a kai. Wata wasiƙa ce zuwa ga ƙawa ko ɗan uwa, wata wasiƙa ce zuwa ga hukuma, wata muƙala ce ta jarida, wata jawabi ko muhawara, wata kuma labari za ki ƙago wanda zai fito da ma'anar wata karin magana. Ana son kalmomi 450, a cikin kamar minti 50. Idan kina rubuta kalma 9 a layi, layi 50 ke nan cur. Wannan rubutu shi kaɗai maki 50 ne. Bayansa ga auna fahimta mai maki 20, ga taƙaitawa mai maki 30, dukkansu sai wadda ta saba karanta dogon rubutu ba tare da kanta ya yi ciwo ba. NECO ma, da aka kafa a 1999, kusan haka tsarinta yake.

Shi makin 50 ɗin nan ga yadda masu duba takarda ke raba shi. Maki 10 na abin da kika faɗa ne, wato kin amsa abin da aka tambaye ki ko kin kama wata hanya daban. Maki 10 na tsari ne, buɗewa da rufewa da yadda kika jera sakin layi. Maki 20 na iya sarrafa harshe ne, zaɓen kalma da ginin jimla. Sauran 10 kuma na kiyaye ƙa'idar rubutu ne, kuma a nan ake yi wa mutane yankan ƙauna, domin duk kuskure ɗaya, ko na haɗa baƙaƙe, ko na aya da waƙafi, ko na babban baƙi, rabin maki ake cirewa. Kuskure 20 ke nan goman ta tafi gaba ɗaya. Yanzu don Allah ki gaya mini, wadda ba ta taɓa cika shafi 2 da hannunta ba sai ranar jarrabawa, ta ina za ta fara? Hausawa sun gama magana, ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi ma karatun littafin ba malaminku ne ya ƙago shi don ya wahalar da ku ba. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu tun 1978, takan zaɓi ƙagaggen labari guda ta ce duk mai zana jarrabawa ya karanta, ko likita za ki zama ko lauya, kuma daga cikinsa ake ɗebo wasu tambayoyin na Turanci. A 2019 da 2020 littafin Sweet Sixteen ne na Bolaji Abdullahi, hirar wata yarinya 'yar shekara 16 da mahaifinta. Daga 2021 zuwa 2024 aka koma The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, labarin zaman jami'a a nan Zariya kusa da mu, har da wata ɗaliba da satar amsa ta kai ta ta baro. A 2025 kuma aka kawo The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Kin ga ashe malamin naku hanya yake share muku tun da sauran lokaci.

MAI RUBUTU MAI KARATU NE

Yanzu ga amsar tambayar da kika yi mini ni a karan kaina. Gaskiya ne da Hausa nake rubutu, kuma ina alfahari da haka, don da ita nake mafarki da ita nake kuka. Iyakacin karatuna sakandare. Amma yadda ake yanka labari babi-babi, yadda ake tsayar da babi a daidai inda mai karatu ba zai iya ajiye littafi ba, yadda ake bari tauraruwa ta bayyana halinta da bakinta ba sai marubuciya ta yi ta wa'azi ba, wallahi rabin wannan a ajin Turanci na tsince shi. Muna da wata malama, Allah ya saka mata da alheri, duk ranar Juma'a sai ta tayar da mutum ɗaya ta ce ta ba mu labarin babin da aka karanta a makon, da farko da Hausa, sannan ta maimaita da Turanci iya yadda za ta iya. Ana dariya ana gyarawa, har kunya ta fita daga idon kowa. Ranar da aka zo kaina ne na fara gane cewa ba da labari ma sana'a ce mai ƙa'ida.

Kuma ba kaina farau ba. Ku dubi Alhaji Abubakar Imam, wanda duk mai rubutun Hausa jikansa ne. A Kwalejin Katsina ya yi karatu, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar rubutu ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja, yana saurayi ɗan shekara 22. Da ya zo rubuta Magana Jari Ce, littattafan Larabci da na Turanci ya zauna ya karance, ya ɗebo labarai daga Gabas da Yamma ya ɗinka musu riga da wando irin namu, har yau wanda bai sani ba sai ya rantse a Katsina ko Kano aka haife su. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da bai yi karatu da harshen wasu ba, da bai yi wa nasa harshen wannan hidima ba.

A nan gida Funtuwa kuma muna da Anti Bilki, Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni. Ku da kuka karanta littattafanta ku tuna irin matan da take zanawa, masu addini, masu tsafta da iya zama da miji, amma kuma masu zurfin karatu da aikin yi. Kuna son ku zama irinsu, kuna son a ce ga likita ga lauya ta fito daga gidanku, to ai ta wannan ƙofar da kuke gudu suka bi. Haka nan littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kwikwiyo Ne, na 1990, sai da aka juya shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012 sannan mutanen wasu ƙasashe suka san abin da matan Hausa ke rubutawa. Wa zai juya namu nan gaba idan ba ku ba?

YADDA ZA KI KORI BARCIN

Dalilin da ya sa littafin Hausa ke gudu a hannunki na Turanci kuma ya cije ba wai ƙwaƙwalwarki ce ta gaza ba. Na Hausa kin san kowace kalma, idonki kawai ke wucewa zuciyarki na kallon hoto. Na Turanci kuwa kina tuntuɓe a kowane layi, kina tsayawa neman ma'ana, kafin ki kai ƙarshen shafi kin manta farkonsa. To ga dabara. Kada ki buɗe ƙamus a kan kowace kalma. Ki karanta shafi ya ƙare, ki tambayi kanki, wa ya yi me, a ina? Idan kin gane wannan ki wuce. Kalmar da ta yi ta dawo miki sau uku sau huɗu, ita za ki ja wa layi da fensir. Ki ware ƙaramin littafin rubutu, kullum ki zuba kalma 5 kacal a ciki, tare da jimlar da kika tsince ta, don kalma ba ta zama a kai idan ba ta da 'yan uwa. Kalma 5 a rana, a wata kin tara 150, a wata 3 kin tara 450, adadin da ake nema a insha'in jarrabawa ke nan.

Kada kuma ki ce sai kin gama aiki kin kwanta sannan za ki karanta, wanda ya yini yana ɓarar masara ko yana gaban kaskon awara ai ko labarin aljanna aka kawo masa barci zai yi. Ki nemi lokacin da idonki ke buɗe, bayan sallar asuba kafin a hura wuta, ko tsakanin dawowa daga boko da tafiya Islamiyya. Shafi 4 ya isa. Littafi mai shafi 120 a kwana 30 kin kai ƙarshensa. Ki riƙa ɗaga murya kaɗan kina jin abin da kike faɗa, don akwai jarrabawar furuci ma tana jiran ki. Idan kun kai ku uku ko huɗu a unguwa, ku yi karo-karo ku sayi littafi ɗaya kamar yadda kuke adashi, ku riƙa haɗuwa a gidan ɗayanku, wannan ta karanta wannan ta fassara. Yadda kuke zama ku yi ta musu a kan wane saurayi ne ya fi dacewa da tauraruwar littafin Hausa, haka za ku yi da wannan.

Sannan ba duk littafin Turanci ne labarin dusar ƙanƙara da mutanen Ingila ba. Akwai waɗanda idan kin buɗe ƙamshin gidanku za ki ji. Ki nemi The Stillborn na Zaynab Alkali, 'yar jihar Borno, wanda ya fito a 1984, labarin wata yarinyar ƙauye mai suna Li da ta ci burin zaman birni da mijinta, duniya ta juya mata baya, karatu ya ɗaga ta. Ki nemi The Virtuous Woman nata na 1987, 'yan mata ne a kan hanyarsu ta komawa makaranta. Akwai The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, na 1960, ɗan ƙarami ne, labarin so da ɗaukar fansa, wanda na tabbata idan kin fara ba za ki ajiye ba. Akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule ɗan Kano, na 1977, labarin 'yar makarantar da kwaɗayin abin duniya ya ruɗa. Idan ƙafarki ta yi ƙwari sai ki kama So Long a Letter na Mariama Ba 'yar Senigal, wata mata ce Musulma tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta doguwar wasiƙa, bayan mijinta ya auro mata ƙawar 'yarta. Ku gaya mini, wannan da me ya bambanta da abin da muke rubutawa?

SHI KUMA INSHA'IN

Babban abin da ke kayar da 'yan mata a insha'i shi ne ganin cewa sai an kawo manyan kalmomi da labarin birni. A'a. Idan an ce ki rubuta ranar da ba za ki manta ba, ba sai kin ƙago tafiya Abuja a jirgin sama ba alhali ko Kaduna ba ki taɓa zuwa ba. Ki rubuta ranar da aka kai audugarku awo, ko ranar da ruwa ya kama ku a hanyar cin kasuwar Bakori, ko ranar da tumatir ya yi kwantai a Danja kuka ga manomi na kuka da hawayensa. Abin da idonki ya gani ba ya ƙare miki a baki, kuma mai duba takarda ya gaji da labarin ƙarya iri ɗaya, naki zai tsaya ya karanta.

Kafin ki ɗora biro, ki ɗauki minti 5 ki jera abubuwa 3 ko 4 da za ki faɗa, kowanne da sakin layinsa. Ki yi gajerun jimloli, don doguwar jimla kamar dogon zane ce, wadda ba ta iya ɗaurawa ba ita take kayarwa. Ki kula da wuraren da Hausa ke jan hannunmu. Mu muna cin kasuwa, muna cin bashi, muna cin jarrabawa, muna shan iska muna shan wahala, shi Bature abinci kawai yake ci, ruwa kawai yake sha, kowanne daga cikin sauran da kalmarsa daban. Wannan ba a koyon sa a allo, sai a cikin littafi, inda za ki ga yadda masu harshen ke faɗa. Ki kula da lokacin aiki, idan kin fara labari a kan abin da ya wuce kada ki tsallako yanzu a tsakiya. Idan kin gama ki karanta daga farko da ɗan yatsa a kan layi, kina farautar rabin makin nan da ake cirewa. Idan malam ya dawo miki da takarda ta yi ja da jan biro kada ki cusa ta a jaka don kunya, ki sake kwafe ta da gyaran, a nan karatun yake.

ZANEN ARO

Sai maganar ƙawarki da saurayinta. Ƙanwata ki gaya mata in ji ni, zanen aro ba ya rufe katara. Yau ya rubuta mata ta samu 8 bisa 10 malam ya yaba, to ranar jarrabawa fa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, za ta zauna ita da farar takarda da mai tsaro a kanta, shi kuwa yana can yana harkarsa. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda ya fi damuna, bashi take ci ba ta sani ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau insha'i, gobe kuɗin littafi, jibi ya nemi abin da ba za ta iya ba shi ba, idan ta ƙi ya ce ta manta alheri. Kuma ko da aure aka yi, ranar da aka samu saɓani gorin da zai fara yi mata ke nan, ke da ko wasiƙa ba ki iya rubutawa sai na rubuta miki. Saurayin kirki mai son ki don Allah, idan ya fi ki karatu, zama zai yi a zaure a gaban ƙannenki ya nuna miki inda kika yi kuskure, ya sayo miki ƙamus maimakon turare. A nan ma ana gane na aure da na wasa.

Haka nan masu kwafowa daga waya. Yanzu an zo zamanin da za ki rubuta tambaya a waya, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zubo miki insha'i sukutum cikin ƙiftawar ido. Malami mai hankali kallo ɗaya zai yi ya gane, don ya san muryar ɗalibarsa. Ko bai gane ba, kanki kika cuta, kamar wadda aka ba magani ta zuba a bayan gado ta ce ta sha. Wayar da kuke karanta littattafan Hausa a WhatsApp da Wattpad har ƙarfe 2 na dare, ita ɗin dai tana da ƙamus a ciki, ku yi amfani da shi.

GA IYAYENMU DA MALAMANMU

Inna, na san ba ƙiyayya ce ta sa kika ƙwace littafin ba, tsoro ne, kuma tsoron uwa ba a raina shi. An daɗe ana zargin littafi da ɓata tarbiyya, har a Kano a 2007 an tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta. Ban ce duk abin da aka buga mai kyau ba ne, da Hausa da Turanci akwai na ƙwarai akwai na banza. Amma hanya mai sauƙi ce. Ki sa yayanta ko kawunta ya kai littafin makaranta ya tambayi malam, shi ya ba da wannan? Idan shi ne, ki mayar mata. Abin da ya fi ma, ki ce kullum da dare bayan an ci tuwo ta ba ki labarin inda ta kai, da Hausa. Kin san abin da 'yarki ke karantawa, ita kuma karatun ya zauna mata, ke kuma kin sha labari kyauta. Ki kuma rage mata talla ko da na awa ɗaya ne. Ribar da za ta kawo miki a faranti yau ba ta kai wadda za ta kawo miki da takarda gobe ba. Mun ga yadda karatu ya tsaya cik a 2020, da farko cutar korona, daga baya kuma aka rufe makarantu bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba. A irin wannan lokaci, yarinyar da ta saba da littafi a ɗaki ita ce karatunta bai mutu ba.

Malamanmu kuma, Allah ya biya ku, mun san aji ya cika ya batse, albashi kuma ba ya kai wata. Amma ina roƙon alfarma a madadin ƙannena. Idan za ku ba da jinga ku tuna 'ya mace ba ta da lokacin da ɗa namiji ke da shi, daga makaranta sai ɗiban ruwa, sai girki, sai raino, ga kaka ta zo, wani gidan ko fitilar kirki babu. Ku zaɓi littafin da ake samu a kasuwa kuma talaka zai iya saye, ku yarda mutum huɗu su haɗu a kan guda. Ku fara da rabin shafi kafin shafi 2. Ku ba da batun da yarinyar ƙauye ta sani. Uwa uba, idan kun karɓi insha'i ku duba ku dawo da shi, ko da layi 10 na farko kawai za ku gyara, don babu abin da ke kashe zuciyar ɗaliba kamar ta hana idonta barci ta yi rubutu, a sa hannu kawai ba a karanta ba. Kuma don Allah idan ta yi kuskure a daina karanta takardarta a gaban aji ana dariya. Yarinyar da aka kunyata sau ɗaya ta rufe bakinta ke nan har ta gama makaranta.

To 'yan uwa, tunda yau zancen jinga muke, ni ma ga tawa. Duk wadda ta karanta wannan fili ta rubuto mini labarin ranar kasuwar garinsu, shafi ɗaya da Hausa, sannan ta juya takardar ta rubuta rabin shafi da Turanci, da hannunta, ba na saurayi ba ba na waya ba, kuma zan gane. A aiko ta adireshin mujalla kamar kullum, a rubuta sunan gari da aji. Guda uku da suka fi za mu buga na Hausar a wannan fili idan mai shi ta yarda. Masu sha'awar rubutu kuma ku fara wasa alƙalaminku tun yanzu, ga gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, wa ya sani ko wata a cikinku ce za ta ɗauko mana ita nan gaba.

Ina gaida ɗaliban Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya da ke Bakori, da na makarantun 'yan mata na Funtuwa da Malumfashi, da duk 'yan makarantun jeka-ka-dawo na ƙauyukanmu masu tafiyar ƙasa safe da rana. Masu shirin jarrabawa Allah ya ba ku sa'a, ya buɗe ƙwaƙwalwa, ya sa ku fito da sakamakon da zai faranta ran iyaye. Allah ya kawo mana ƙarshen rashin tsaro a yankinmu, ya ba kowaccenmu miji nagari a lokacin da ya fi alheri.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu taɓa maganar kayan lefe da gasar da ake yi a kansa, don wasiƙu sun taru a kan haka. Sai mun haɗu.

Taku har kullum,
Yayarku ta Funtuwa.